Jinyar Mai Ciwon Daji: Aikin Nas a Asibiti, Aikinmu a Gida

Duk wanda ya baro ƙauye ya shigo Foli ya san akwai wata sarauta da ake naɗa shi ba tare da an nemi shawararsa ba. Da zarar wani ya kwanta ciwo a gida, sai ka ji an ce a kira wane, ai shi ne ɗan boko. Ba ruwan kowa da cewa Akanta kake karantawa ko Aikin Gona. Kai ne mai riƙe katin asibiti, kai ne mai karanta takardar gwaji, kai ne kuma tafinta tsakanin likita da dangi.

Ni ma bara wannan sarauta ta faɗo kaina. Goggona da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kirikasamma ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Wata bakwai ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, don an ce daji ne, shi kuwa daji wai ba ya son allura, ba ya son ƙarfe. Sai da fatar wurin ta fara canza kama sannan aka kira ni muka nufi asibiti. A watannin da suka biyo baya na lura da wani abu: likita minti goma ko sha biyar yake ganinta, nas ce ke wuni da ita. Ita ma nas ɗin kwana ɗaya take samu cikin kowane sati uku. Ragowar kwana ashirin a gida ake yin su, a hannun mai jinya. Shi ya sa na ga ya dace in kawo mana abin da na koya daga malaman jinya da abin da na karanta, don gobe wani a cikinmu za a kira.

Wane irin ciwo ne?

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta da ke rabuwa, su tsufa, su mutu, wasu su maye gurbinsu. Ciwon daji, ko sankara, ko kansa, yana farawa ne idan wasu daga cikinsu suka daina bin wannan tsari, suka yi ta hayayyafa ba birki, har su tara ƙari, daga baya su bi jini ko hanyoyin kaluluwa su yi sheƙa a wani sashe na jiki. Ba cuta ɗaya ba ce, iri-iri ce, kowace da maganinta. Kuma ba a ɗaukar ta ta cin abinci kwano ɗaya, ko gaisawa, ko wanke wa majinyaci kaya.

Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu ciwon kusan 128,000 a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba, sai ta furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, sai ta bakin mahaifa.

Mu 'yan bakin kogin Haɗeja muna da namu ƙarin. Ruwan da ke ba mu shinkafa da kifi, daga Marma har dausayin Baturiya, shi ne kuma gidan katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya. Yaro ya yi wanka ko su a ruwa, tsutsar ta huda fata ta shiga, ta je ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Wasu har yau idan yaro na fitsarin jini sai su ce alamar girma ce. To ba haka ba ne. Shekara da shekaru ƙwan na ƙaiƙaya bangon mafitsara, a wasu mutane abin ya rikiɗe ya zama sankara. Tun 1994 waccan hukuma ta sa tsargiyar mafitsara cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Haka ma ciwon hanta nau'in B, musamman idan ya haɗu da gubar fumfunar da ke kama gyaɗa da masarar da aka adana da danshi, yana kai wa ga sankarar hanta.

Kafin a san sunan ciwon

Aikin jinya yana farawa tun kafin a ce wa mutum ga abin da ke damunsa. Sau da yawa nas ko ungozoma ko jami'in lafiya na ƙaramin asibitin mazaɓa ne ke fara ganin alamar: ƙullutu a mama ko a hamata, zubar jini bayan saduwa ko bayan mace ta daina al'ada, fitsarin jini ga babban mutum, gyambon da ya ƙi warkewa, rama ba dalili, ko kumburin muƙamuƙi ko ciki ga yaro. Ba kowace irin wannan alama ce daji ba, yawanci ma ba shi ba ne. Amma nas ta ƙwarai ba ta cewa je ki sha wannan ki gani. Takardar turawa take rubutawa. Daga nan sai Babban Asibitin Haɗeja, in abin ya fi ƙarfinsa sai asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ko cibiyoyin lafiya na tarayya da ke Birnin Kudu da Nguru, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

A can za a yi hoto, a ɗebi jini, amma abin da ke yanke hukunci shi ne a ciri ɗan ƙaramin nama daga ƙarin a duba shi a madubin likita. A nan ne iyalai da yawa ke guduwa, saboda waccan magana ta ƙarfe. Goggo ma ta tashi za ta ɗaura mayafi. Sistar da ke wurin ta zaunar da ita ta ce, "Mama, in kin kai hatsi kasuwa, ai sai mai saye ya ɗebi kaɗan a tafin hannu ya duba kafin a yi ciniki. Mu ma ɗan kaɗan za mu duba, don kada mu ba ki maganin ciwon da ba shi ke gare ki ba." Gaskiyar magana, ba allura ce ke sa ciwon ya haukace ba. Mutane na zuwa asibiti ne bayan ya riga ya yi nisa, in rai ya yi halinsa sai a ɗora wa allura laifin da jinkiri ya yi.

Sakamakon yakan ɗauki sati biyu ko fiye, kuma wannan jira ciwo ne mai zaman kansa. Ranar faɗin sakamako, nas kan nemi wuri mai sirri, ta tambayi majinyaciya wa take so ya zauna da ita, ta kuma sake maimaita bayanin likita da Hausa sannu a hankali, don wanda ya ji kalmar daji ba ya ƙara jin abin da ya biyo baya. Mu a al'adarmu dangi kan ce a ɓoye mata. Niyyar mai kyau ce, amma wadda ba ta san me ke damunta ba, yaya za ta yarda ta jure wata shida na magani mai wahala? Kai kuma ɗan boko, ka sani sirrinta ne. Ba labarin zaure ba ne, ba kuma na guruf ɗin WhatsApp na dangi ba sai da izininta. Aikinka na farko a nan shi ne ka samo jaka ko fayil guda, ka tara kowace takarda, kowane hoto, ka kuma ɗauke su a waya.

Ranar kimo

Hanyoyin magani manya uku ne: tiyata, da kimo, da gashi. Akan ƙara da ƙwayoyin da ake sha na shekaru ga wasu masu sankarar mama ko furostet. Kimo magani ne mai ƙarfi da aka fi bayarwa ta ƙarin ruwa, zagaye-zagaye, galibi duk bayan sati uku, sau shida ko takwas gwargwadon ciwon. Yana kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa. Matsalar ita ce ba na daji kaɗai ke saurin rabuwa ba, har da na gashin kai, da na cikin baki da hanji, da na ɓargon da ke ƙera jini. Daga nan duk wahalhalun kimo suke fitowa.

Kafin a sa ruwan, nas za ta auna nauyi da tsawo, domin da su ake lissafin adadin magani. Za ta duba sakamakon jini. In fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, sun yi ƙasa da yawa, sai a ɗage zuwa wani satin. Ranar da aka yi mana haka bayan mun biya kuɗin mota tun daga Haɗeja, wallahi raina ya ɓaci. Daga baya na gane ceto ne. Na kuma koyi dabara: mu yi gwajin jinin a kusa da gida kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, mu karanta wa nas a waya.

Za ka ga ta sa safar hannu da riga ta musamman, su biyu suna karanta sunan majinyaci da na magani. Ba ƙyama ba ce, maganin ne ke da haɗari ga wanda ke taɓa shi kullum. Za ta ba da maganin hana amai tukuna, sannan ta nemi jijiya mai kyau ta sa kanula. Wasu magungunan, kamar wani ja da ake yawan ba masu sankarar mama, in suka zurare daga jijiya suka shiga tsoka suna cin nama. Don haka in majinyaci ya ji zafi ko raɗaɗi ko kumburi a wurin allurar, a yi magana nan take. Ba wurin nuna dauriya ko kawaici ba ne. Shi wannan jan maganin yakan sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya zuwa biyu, kada a tsorata.

Kwana ashirin na gida

Nan ne aikin ya dawo hannunmu. Abu mafi muhimmanci, in ma shi kaɗai za ka riƙe daga wannan rubutu: tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan kimo, garkuwar jiki takan faɗi ƙasa warwas. Zazzaɓin da ni da kai za mu sha farasitamol mu wuce aji, shi yana iya kashe mai kimo cikin kwana ɗaya. A sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye. In ya nuna 38 ko sama, ko jiki na karkarwa, kada a ce maleriya ce a aika yaro kemis. A tafi asibiti mafi kusa a daren, a nuna katin kimo, a kira lambar da nas ta bayar. Haka in ana amai ko gudawa har ruwa ba ya zama, ko jini na fita ta hanci ko dasashi, ko numfashi na sarƙewa, ko majinyaci ya fara ruɗewa.

Sauran kulawar ba ta da tsada, naci take so. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa majinyaci ko abincinsa. Masu mura da tari su yi dubiya daga bakin ƙofa, ko su bari sai sun warke. Wannan yana da wuya a gidajenmu, amma in aka ce umarnin asibiti ne mutane na fahimta. Ruwan sha a tafasa shi. Abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi kwano guda mai yawa: kunun gyaɗa, koko, faten wake, ƙwai, dafaffen zogale, da kifinmu in ya dahu sosai. Nonon da ba a tafasa ba, da ɗanyen ganye, da tsiren bakin titi, a haƙura da su sai an gama. Baki yakan yi ƙuraje, sai a riƙa kurkurewa da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri sau da yawa a rana, a bar yaji da asuwaki mai tauri. Kwana biyun farko bayan kimo, mai kwashe amai ko fo ya sa safar hannu, don maganin na fita ta nan. Mai shayarwa takan dakata da shayarwa, kuma ba a son ɗaukar ciki a lokacin. Wannan magana ce da ya kamata maigida ya ji daga bakin nas da kunnensa.

Gashin kai yakan fara zuba sati biyu zuwa uku bayan zagayen farko. Goggo ta yi kuka ranar, ko da yake kullum kanta a ɗaure yake. Amma da yake an riga an gaya mata, ba ta ce sammu ba ne. Yana dawowa bayan an gama. Batun maganin gargajiya kuma, kada a ɓoye wa nas. Wasu jiƙe-jiƙen na wahalar da hanta da ƙoda, su kuwa su ne ke tace kimo daga jiki.

Babban abin da ke karya magani shi ne tsayawa a tsakiya. Bayan zagaye biyu ko uku ƙarin ya motse, sai dangi su ce an warke. Ko kuma wahala ta yi yawa, ko kuɗi su ƙare, ko damina ta yanke hanya kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022. Ciwon da aka bari a rabi yakan dawo da ƙarfinsa. In akwai matsala, a faɗa wa nas tun da wuri a san yadda za a yi, kada a ɓace kawai.

Bayan tiyata, da lokacin gashi

Wadda aka cire wa mama da kaluluwar hamata, nas za ta koya mata motsa hannu, kamar tafiya da yatsu a jikin bango tana ɗagawa kaɗan-kaɗan, don kada kafaɗa ta sandare. Wannan hannun a kiyaye shi daga yanka da ƙuna, in da hali ma allura da awon jini a yi a ɗaya hannun. In ya fara kumbura a koma asibiti. Ga matan da ke daka da aikin fadama, wannan sai an yi ta tunatarwa.

Gashi kuwa haske ne mai ƙarfi da na'ura ke aunawa daidai wurin ciwon. Ba wuta ba ce, ba a jin zafi lokacin da ake yi, kuma wanda aka yi wa irin wannan gashi na waje ba ya cutar da na kusa da shi. Na'urorin ba su da yawa a ƙasar nan. A Arewa, sanannun wuraren sun haɗa da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Asibitin Ƙasa a Abuja. Ana yin sa Litinin zuwa Juma'a na makonni, don haka sai an tanadi masauki, kuma a buga waya a tabbatar da rana kafin a hau mota. Alamar da aka zana a fata kada a goge ta. Wurin ba a dirza shi, ba a gasa shi da ruwan zafi, ba a shafa man zafi ko turare, sai abin da nas ta ce.

Idan warkewa ta yi wuya

Akwai lokacin da likita zai ce ciwon ya wuce a cire shi. Wannan ba ya nufin jinya ta ƙare. Akwai fanni guda na sauƙaƙa wa majinyaci wahala, wanda Cicely Saunders, da ta fara aiki a matsayin nas kafin ta zama likita, ta kafa wa gida na musamman a Landan a 1967. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin maganin raɗaɗi hawa uku: a fara da mai sauƙi, in bai yi ba a hau na tsakiya, in bai yi ba a ba da mofin. Ƙa'idar ita ce a sha ta baki, kuma a kan lokaci, ba sai ciwo ya taso mutum yana murƙususu ba. Yuganda ta yi nisa a nan, domin tun 2004 ta ba malaman jinya da suka samu horo na musamman izinin rubuta mofin da kansu, saboda ƙauyukan da ba likita.

Mu da muka ga ɓarnar tiramol da kodin a tsakanin matasa, da mun ji mofin sai gabanmu ya faɗi. Amma mai raɗaɗin daji da ke shan abin da likita ya auna masa daban yake da mai shaye-shaye. Abin lura shi ne mofin na ɗaure ciki, sai a haɗa da maganin sassauta bahaya, kuma a kulle kwalbar inda yara da samari ba za su kai ba.

Wanda ya kwanta ba ya iya juyawa, a juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da duga-dugai da kafaɗa, a kiyaye shimfiɗa a bushe, don gyambon kwanciya. Ciwon da ya fashe yana wari, nas za ta nuna yadda ake wanke shi da tafasasshen ruwan gishiri da ya huce, akwai kuma maganin da ke kashe warin. Wari ne ke sa a mayar da majinyaci ɗakin baya a bar shi shi kaɗai, wannan kaɗaici kuwa ya fi ciwon ci masa rai. Mai jinya ita ma mutum ce. A yi karɓa-karɓa, kada a bar wa 'ya mace ɗaya har ta bar makaranta.

Kuɗi, da abin da za mu iya yi tun yanzu

Maganin daji na cinye gona da shanu, wannan ba ɓoyayye ba ne. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta furostet, kuma asibitin Shika na cikin waɗanda aka fara da su. Kowane babban asibiti yana da ofishin jin daɗin marasa lafiya. Ka nemi ofishin, ka yi tambaya, ka cike fom. Irin wannan zirga-zirga ai ita ce amfanin ɗan boko.

Mafi arha dai shi ne kada a kai can. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin ƙwayar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa, kyauta, kuma Jigawa na cikin jihohin farko. In ka koma hutu, tambayi ko an yi wa ƙannenka. Rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga allurar jarirai a 2004, don haka da yawa daga cikinmu ba mu samu ba: mu je a gwada mu. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi a ba shi maganin tsargiya, babba kuwa a yi masa hoton mafitsara. 'Yan uwana mata, mu san yadda mamanmu yake, mu kuma ja iyayenmu mata zuwa gwajin bakin mahaifa, wanda malaman jinya ke yi cikin mintuna kaɗan.

Goggo ta gama kimo zagaye shida, an yi mata tiyata, yanzu duk wata uku muke komawa a duba ta. Likita bai ce mana an gama ba, ya ce dai a ci gaba da zuwa. Ran da muka je na ƙarshe, ta ja sistar nan gefe ta ɗaga ɗankwali ta nuna mata sabon gashin da ya tsiro, ta kuma miƙa mata ƙunshin busasshen kifi da ta riƙo tun daga gida. Sista ta ce, "Mama, da wata bakwai ɗin nan ma kin ba mu, da aikin bai kai haka ba." Goggo ta ce ai yanzu duk matar da ta ji ƙullutu a garinsu, ita da kanta za ta rako ta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri.